Ɗalibin Mushe Dikko

Ƙauri ne ya fara tashi, sannan hayaƙi. Ɗalha ya fizge waya daga batir, amma ya makara. Manyan tiransisto biyu, 'yan kayan nan masu buɗe wa wuta hanya su rufe, sun sake ƙonewa, karo na huɗu ke nan.

Ya waiga ko wani ya gani. Ranar kasuwar Magarya ce, a daminar 1977, kuma rumfarsa ta gyaran rediyo tana bakin hanya. Ba kowa sai wani dattijo mai malfa da sanda, wanda ya fake wa yayyafi tun hantsi, takalmansa duk taɓo da kashin shanu.

Wata uku da suka wuce Madam Ramatou, ungozomar wani ɗakin magani a yankin Dungas, ta zo masa da buƙata. An ba su doguwar fitilar lantarki, amma garin ba kuran, wato wutar lantarki, sai batir ɗin mota. Da fitilar ƙwai take karɓar haihuwa. Tana son akwatin da zai mai da wutar batir irin ta gidajen birni. Ta ce shi ta zaɓa don kowa ya san ɗalibin Mushe Dikko ne, malamin lantarkin nan da ya yi suna a wata lakwal, wato makaranta, ta koyon sana'a a Yamai, inda ake ce wa malamin boko Mushe.

Ɗalha bai taɓa taka Yamai ba. A kasuwar Damagaram ya tsinci littafin wani ɗalibi cikin takardun da mai tsire ke ƙunshi da su, cike da zane-zane, da sunan malamin a bango. Sau ɗaya ya yi ƙaryar don a kawo masa aiki, ita kuwa ta bi shi shekara biyar. Har surukinsa yana alfahari da ita a majalisa.

Zanen ya bi, layi bayan layi. Tiransifo, mai ɗaga ƙarfin wutar, da hannunsa ya naɗe shi, da wayar tagulla da ya warware daga mataccen inji. Ƙananan tiransisto biyu masu ba da umarni, wannan ya buɗe wancan ya rufe, daga tsohuwar rediyo ya ciro su. Manyan kuwa, masu ɗaukar ƙarfin wutar, sai Kano. Sau biyu yana ratsa Ɓaɓura a bayan akori-kura, yana bin rumfunan Sabon Gari da lambarsu rubuce a tafin hannu. Yanzu biyu kacal suka rage a gwangwani, kuma jibi Madam Ramatou za ta aiko amalanke.

Dattijon ya shaƙi ƙaurin, ya matso.

"Ɗana, duka biyun suke mutuwa tare?"

"Baba, wannan ba aikin shanu ba ne."

"Haka ne. An ce a Yamai ka yi karatu."

"Wajen Mushe Dikko."

"Yaya yake, mutumin?"

Ɗalha ya dubi hayaƙin da bai gama bajewa ba. "Suna ne kawai, Baba. Zanensa na bi, ga abin da ya ja mini. Rabin lokacin aji ma gyangyaɗi yake yi."

Yana rufe baki ya ji kansa ya yi nauyi. Ya ci abinci da sunan mutum shekara biyar, yau ya zage shi a gaban baƙo. Ya sunkuya yana goge abin da ba ya buƙatar gogewa.

Can dattijon ya ce, kamar mai hira da kansa, a rijiyarsu ta Sassumbrum bijimai biyu ke jan guga. In na biyu ya tashi kafin na farko ya gama tsayawa, igiyoyi su sarƙe, gwafa ta karye. Shi ya sa suke barin numfashi ɗaya a tsakani. Da ya ga yayyafi ya ɗauke, ya yi sallama ya nufi kasuwar dabbobi.

Ɗalha ya daɗe a zaune. Sannan ya jawo littafin. Tsakanin ƙananan tiransisto da manya akwai ɗan fili a zanen, wanda kullum yake ɗauka ɗalibin ne ya yi tsallake, shi kuwa sai ya haɗe wurin da waya miƙe. Ashe babba ɗaya yana buɗewa tun ɗan'uwansa bai gama rufewa ba, wuta ta afka musu tare.

Ya zazzage gwangwanayensa. Ya samo rezistans biyu masu rage gudun wuta da diyod biyu masu barin ta bi gefe ɗaya kawai, ya liƙa su da dalma a ƙafar da ke buɗe kowane babba, yadda zai yi jinkirin buɗewa ya yi saurin rufewa. Ya ɗaura biyun ƙarshe. Ya taɓa waya a batir.

Akwatin ya yi gunji siriri. Fitilar ta ƙifta sau biyu, ta kama, fara tas. Ya ɗora yatsa kan tiransisto: ɗumi kawai.

Da la'asar dattijon ya biyo ta wurin, janye da maraƙi. Ya tsaya yana kallon hasken, ya gyaɗa kai. Ɗalha ya fito ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini maganar ɗazu. Kuma ƙarya na yi maka. Ban taɓa ganin Mushe Dikko ba. Littafin wani na tsinta."

"Na sani," in ji dattijon, yana gyara igiyar maraƙin. "Da gangan nake barin filin nan a allo, in ga wanda zai ɗaga hannu ya tambaya. Shekara goma sha tara na koyar kafin in dawo ga shanun mahaifina, kuma ban taɓa manta fuskar ɗalibina ba."