Agogon Malam Sada

Na'ura ba ta ƙarya. Likita Rauda ta sha faɗin haka, galibi ga mutanen da ba su tambaye ta ba.

Na'urar wani ɗan agogo ne da take ɗaura wa masu cutar Fakinsan, ciwon nan mai sa karkarwa da nauyin jiki. Yana auna motsin hannu, ya aiko da sakamako wayarta a Kankia. Wanda motsinsa ya yi ƙasa sosai sai ta hana shi aiki, ta tura shi babban asibiti a Katsina.

Malam Sada manomi ne a Sukuntuni. Babban ɗansa Kabir, ma'aikacin wani ofis a Kusada, shi ya kawo shi asibiti. Yaro mai ladabi. Ya riƙe wa uban takalmi, ya yaba agogon har sau biyu.

Sakamakon da ya fara shigowa ya tayar mata da hankali. Da safe hannun yakan kwanta kamar an aza masa dutse. Wajen azahar ya ɗan yi zirga-zirga zuwa baki, ya koma ya kwanta. Ko karkarwar ma ta daina, wataƙila ta gaji. Asabar da Lahadi akan samu sauƙi. A ƙarshen wata kuwa hannun ya yi wata zabura da ta sa Likita ta fara rubuta maƙala a kan cutar da ke bin wata.

Ta yanke hukunci: tsoho ya ajiye fartanya, ya tafi Katsina. Damina ta yi tsakiya, geronsa na jiran noman maimai, kuma shi ne abincin gidan na shekara. Amma gero ba ya cikin abin da na'urar ke aunawa. Ta ba Kabir saƙo, ya ce ana kai. Da ta ga ana ta kai, ta hau acaɓa ta tafi da kanta.

A gona ta same shi, sunkuye. Hannun na rawa, fartanyar na tafiya a hankali, amma kuyoyin da ke bayansa fes suke. Ta duba waya. Wayar ta ce hannun nan bai motsa ba tun hantsi.

"Baba, ina agogon?"

"Yana nan lafiya, ɗiyata. Ana kula da shi."

"Na ce kada a cire shi."

"Kin ce kada ya bar hannu, bai kuwa bari ba. Mi manomi zai yi da agogo, ga rana? Ai kayan masu ofis ne. In ɗaura shi cikin laka, mai aikin gwamnati na yawo hannu sake? Gari ya zage ni."

Likita Rauda ta tsaya tana kallon geron. Ba ta ƙara ambatar Katsina ba.

Hannun da ya fi kowane hannu nauyi a duk bincikenta yana Kusada, a kan teburin Kabir. Lafiyarsa ƙalau, bara ma aka ƙara masa girma.