Kyanwar da Baba Ya Tsamo a Kwata

Ruwa ya ɗauke bayan la'asar, Baba ya dawo gidanmu na unguwar Briqueterie daga mayankar Etoudi, ƙafafunsa duk jar laka. Tun asuba yake tsaye. Ya zauna a bakin ƙofa, ya zaro 'yar kyanwa daga cikin rigarsa, jiƙe sharkaf, ido ɗaya a manne. A kwatar bakin titi ya tsamo ta.

Inna ta ce, "Malam, mu kanmu ɗakin bai ishe mu ba."

Ya sa na kawo ruwan ɗumi, ya riƙa goge mata idon, sai ta kufce ta shige ƙarƙashin gado. Na durƙusa zan jawo ta, ya riƙe min hannu. Tafinsa na ƙarnin nama da sabulu.

"Ƙyale ta. Ta gaji ne, in ta huta za ta fito."

Kafin ta fito barci ya kwashe shi a zaune. Inna ce ta tura mata madara a murfin kwano, tana mita.

Yau na haura shekarunsa na lokacin. In na dawo aiki ko takalmi ba na iya sunkuyawa in cire, sai in rasa inda ya samo ƙarfin.