Dutsen da Ke Ƙasan Rijiya

Akwai wani mai dogon baki, ba zan kama suna ba, ya san kansa, da ke bin gidajen makoki yana gaya wa mutane wai wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu ba ya kuka, ba ya tsoro. Ƙarya yake yi, kuma ƙaryar mai ƙoshi ce, bai taɓa binne nasa ba. To, ya matso kusa ya ji.

An yi wani mahaƙin rijiya a wani ƙauye da rani ke gasa wa aya a hannu. Shi da ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara ashirin suna sana'ar, ɗaya a rami, ɗaya a kan igiya. Ikilisiyar garin ta sa su haƙa rijiya don mata su huta da tafiyar rabin yini neman ruwa. Da suka kai zurfin gaba goma sha ɗaya suka ci karo da dutse, baƙi ƙirin, diga na dukansa sai tartsatsi. Masu wannan aiki sun san maganinsa: a jibga masa itace, a cinna wuta ta wuni tana ci, a sheƙa masa ruwan sanyi ya tsage. Amma fa da doka. Bayan wuta ba a shiga sai an zura fitila da igiya. In ta mutu, iskar ƙasa ta ɓaci, mutum ma mutuwa zai yi. Ran nan, sun gama wuta sun sheƙa ruwa ke nan, hadari ya fara leƙowa ta gabas, ga shi ramin da ba a ɗaure bangonsa ba ruwan sama na farko ke rusa shi. Wan ya dubi sama, ya dubi ƙaninsa, ya ce, "Bar fitilar nan, hayaƙin ya fita, sauka kawai." Ƙanin ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Aka kira shi, shiru. Gawa aka jawo.

Kwana tara mahaƙin nan bai san ɗanɗanon tuwo ba. Ya je sujada, ana waƙa, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Matar mamacin kuwa tun ranar jana'iza ba ta ƙara duban inda yake ba. Rana ta goma dattawa suka zo da shebur, wai a cike ramin kafin ya ci wani. Ya tare bakin rijiyar, ya roƙi kwana uku. Ya sake hura wuta, ya sheƙa ruwa, ya zura fitila. Ta mutu. Ya jira, rana na dukan ƙeyarsa, gabas na ƙara baƙi. Ya sake zurawa. Harshen wutar ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero, ya yi rawa, ya tsaya. Saura mai riƙe igiya. Ya dubi maza, kowa ya dubi ƙafarsa, don ba mai son gawa ta biyu a hannunsa. Sai ga matar ƙaninsa ta fito daga ɗakin makoki, ta ɗaure zani tamau, ta naɗa igiyar a gungumen bakin rijiya.

"Yaya," in ji ta, "ban yafe maka ba tukuna, ina dai roƙon Ubangiji ya ba ni ikon yafewa. Amma ramin da ya ci mijina ba za a cike shi a bushe ba. Sauka."

Kunya ta kama mazan, suka jeru a bayanta. Shi kuwa ya sauka, ransa a hannun matar da ya mayar gwauruwa. A ƙasa, cikin toka, ya tarar da gudumar ƙaninsa, ƙotar ta ƙone rabi. Numfashi ya sarƙe masa. Bai san ko iskar ce ko baƙin ciki ba, hannunsa har ya kai ga igiya zai girgiza a jawo shi. Ba malamin Littafi ba ne, addu'arsa ba ta da ado. Ya ce, "Yesu, kai ma an sa ka a rami, ka san yadda yake. Ni na kashe ɗan'uwana da gaggawa. Ban ce ka ɗauke dutsen ba, ka dai riƙe mini hannu." Ya ɗaga guduma. Yana duka yana kuka, majina da gumi da toka sun haɗu a gemunsa. Dutsen ya ba da ɓawo kamar tafin hannu, shi ke nan. Washegari wuta, ruwa, fitila, guduma. Rana ta uku, tsawa na gurnani a bayan gari, ya kai duka, dutsen ya dare, ƙasa mai danshi ta leƙo, ruwa ya fara tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafarsa. Ya cika guga da shi, baƙi, duk toka, ya aika sama. Matar ta kafa kai ta sha, hawaye na zuba a ciki, sannan ta ce wa mazan, "Ku jawo mini yayana."

Ƙaninsa bai tashi daga kabari ba, kuma har mahaƙin ya tsufa in ya ga fitila da rana sai ya kau da kai. Bangaskiya ba ta hana shi rawar jiki ba, sakin gudumar ne ta hana shi yi. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wanda ya ce ba haka ba ne, ga igiya nan, ya ɗaura a ƙugunsa ya sauka, in ya hawo sai ya ƙaryata ni.