Tamu Ya Dawo Daga Aikin Dole

Tamu ya dawo Dungas daga aikin dole yana ɗan shekara goma sha biyar, lafiya lau a ido, amma ya daina magana. Zamanin Nasara ne, lokacin da kwamandan Magarya ke sa gardi, wato dogaransa, su ɗebi matasa su kai su haƙar burji don hanyar mota. Tare muka je. Ni mai ba ku labarin nan ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma kwando biyu nake ɗauka inda ƙato ke nishi da ɗaya, kuma cikin waɗanda aka ɗiba ni kaɗai na rage ina cin tuwo.

Abin Tamu ya ɗaure wa mutane kai. Yaron da ke cika dandali da surutu, sai ga shi bayan rumbu yana kallon tafin hannunsa. In ana haƙa rami ya bar wurin. In ƙasa ta zubo daga garu, jikinsa ya hau ɓari. Me ya gani? Kowa na son ya sani.

Shi ne ɗan farin Isufu, kuma kun san al'ada: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Uwarsa Barira ma haka. Suna son sa, wannan ba shakka.

"Malam, yaron nan ko tuwo ba ya taɓawa," Barira ta ce wa Isufu.

"Na gani. Ki aiki ƙanwarsa ta kai masa fura."

"Kwana uku furar na dawowa. Ka tambaye shi mana."

"In zauna gaban wancan in ce me? Ke ki tambaye shi."

"Ni da na haife shi? Ai sai a yi da ni a bakin rijiya."

Sai suka tambayi masu magani da dangi, ban da shi. Wani malami a Kwaya ya ba da rubutu. Wata tsohuwa ta ce iskokin daji ne, aka yi masa hayaƙi. Kawunsa ya ce lalaci ne kawai, a miƙa masa hauya.

Bayan wata biyu, ranar kasuwa, Tamu ya fita bai dawo ba. Sai a sannan Isufu ya zo wurina.

"Wai me ya faru a wurin aikin nan?"

Na gaya masa. Ramin burji ne ya rufta kan Habu, abokin Tamu. Wurin da Habu ya tsaya na Tamu ne. Ƙishirwa ta kama shi, ya ce Habu ya riƙe masa diga ya je ya sha ruwa. Da hannunsa Tamu ya tono gawar, gardi ya ce a koma aiki.

"Ka san haka, ka yi shiru?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Baba. Ni na ɗauka kowa irina ne, abin zai wuce masa."

Shekara biyu ana nema kafin a gan shi a kasuwar Waca, cikin tsumma, yana tona ƙasa da yatsu. Isufu ya durƙusa a gaban jama'a, ya ajiye kunya.

"Tamu. Tamu, ni ne babanka. Gaya mini abin da ke damunka."

Tamu ya ɗago ya dube shi kamar baƙo. "Matsa, Malam, akwai mutum a ƙasa."

Sun kai shi gida, amma har ya rasu bai sake gane kowa ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa ni na tsira. Ƙarfina na ciki, ba na musu. Amma ranar da na dawo, kakata ta zaunar da ni tana ɓarar gyaɗa, ta sa na ba ta labarin tun daga farko, na sake, na sake, har na yi kuka. Ni ɗin nan, na yi kuka.

Iyaye, in yaronku ya canza, ya yi shiru, ku zauna ku tambaye shi da bakinku tun yana iya amsawa. Kunya ba ta kai ran ɗanku ba.