Kwamfutar da Aka Ba Rabe

Misbahu mutumin Kurfi na ganin abokin aikinsa Rabe yana ɗaure tsohuwar kwamfuta a bayan mashin, sai baƙin ciki ya turnuƙe shi. Shi da ya fi daɗewa a shagon buga takardun nan na Dutsin-Ma, a kawo sabbin na'urori, ko tsinke ba a ba shi ba?

Ya faɗa wurin maigida. "Alhaji, wallahi ba a yi adalci ba! Ni na cancanta."

"Ka tabbata kana so?"

"Ƙwarai kuwa!"

Alhaji ya leƙa waje. "Rabe, kwance masa, ka koma kujerarka."

Sannan ya juyo. "Sabbin nan, mutum ɗaya ya ishe su. Dama kwamfutar kyautar sallama daga aiki ce. Ka gaida mutanen Kurfi."