Ranar da Umma ta shafa min man kaɗanya

Ina 'yar firamare lokacin, muna zaune a unguwar Hayin Banki. Bayan la'asar Umma ta zaunar da ni a tabarma, ta buɗe gwangwanin man kaɗanya, ta murza a tafin hannunta har ya narke, ta fara shafa min daga ƙafa. Ƙanshinsa kamar na gyaɗar da ta ɗan ƙone.

Na ce, "Umma, 'yan ajinmu sun ce na cika baƙi. Ki saya min irin man da Anti Larai maƙwabciyarmu take shafawa, in yi fari."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Fatarki ba ta da laifi, ƙishirwa kawai take ji."

Hannunta ya rame sosai, zobenta yana zamewa yana gogar gwiwata. Da ta gama sai ta sa min riga ruwan goro, ta ce wannan launin ne ke karɓar baƙar mace, kada in manta. Sai Kawu, ƙaninta, ya yi sallama ya ce motar Zariya ta kusa cika a tashar Kawo, kuma likitan da zai duba ta a asibiti ya ce kada su makara. Ta goge sauran man a zaninta, ta miƙe da ƙyar. Na tsaya a ƙofar gida ina sheƙi har suka sha kwana. Daga asibitin ba ta dawo ba.

Yanzu na wuce shekarun da ta yi a duniya. In aka ce fatata ta yi kyau, sai in ce na gode, in ci gaba da abin da nake yi.