Waƙar da Ta Haddace

Da yaron cikin fim ɗin ya tsaya gaban budurwarsa ya fara karanta waƙarsa, sai wani tela da ke cikin 'yan kallo ya gane ta. Tasa ce. Ita ya rubuta wa matarsa tun yana nemanta, kafin keken ɗinki ya cinye burinsa na zama marubucin waƙa.

Zauren kallo ya kece da dariya. Wani daga baya ya ce, "Wannan ko akuya ya karanta wa, sai ta tsinke igiya."

Ƙanin telan ne ya shirya fim ɗin, shi ya zaunar da shi da matarsa a kujerun gaba. To a ina ya samo ta, alhali takardar ta ɓace tuntuni?

Ya waiga. Matarsa na bin baitocin da leɓɓanta, ba ta kuskure ko ɗaya ba, hawaye na zubo mata. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya kama hannunta.

"Ashe kin haddace ta?"

"Ai ni na ba ƙaninka," ta ce, kafaɗunta na rawa don dariya. "Waƙar da za ta kashe mutane da dariya yake nema. Na ce masa ina da wadda tun ina amarya ba ta taɓa ba ni kunya ba."